Murhun Nestor

Litinin, 9 ga Janairu, da la'asar

Murhun ɗumama gida ya ƙi aiki. Da wannan zan fara, don shi ne abin da hannuna zai iya rubutawa.

Na dawo daga asibitin birni, tafiyar awa biyu a kan ƙanƙara, na buɗe ƙofa ina sa ran ɗumi ya tare ni, sai na ji falo kamar rumbun dankali. Man shanun da na bari a faranti ya yi taurin da wuƙa ba ta shigarsa. Na sauka ɗakin ƙasa na tsaya gaban murhun na kasa kunne. Tsit. Can ya yi gyaran murya, ya kama, ya ɗan hura iska mai ɗumi ta cikin bututai, ya sake mutuwa. Tun Asabar yake mini wannan iskancin.

Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan nan, ban san inda ake taɓa shi ba. Na mijina Nestor ne. Shi ya sayo shi, shi ya ɗauko shi a bayan motar hatsi, shi ya ja masa waya, shi ke sauka duk farkon sanyi da gwangwanin mai da tsumma yana yi masa hira. Ni nawa in ce ina jin sanyi.

Likita ya yi magana ranar Juma'a, jajibirin Kirsimetinmu na tsohuwar kalanda. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Sun daina ba Nestor maganin nan mai sa shi amai, kuma sun ce idan yana son ya koma gida a yi sauran a can, za a iya, muddin nas ɗin gunduma ta zo ta ga gidan ya dace da marar lafiya. Bai bari likitan ya rufe baki ba ya ce gida. A gidan nan aka haife shi, a ɗakin mamarsa, inda nake ajiye keken ɗinki yanzu.

Yau ya tambaye ni, gida lafiya? Na ce lafiya lau.

Talata, 10 ga Janairu, da hantsi

Nettie ta tsallako titi da tukunyar miyar kabeji. Yayar Nestor ce, ta ba shi shekara shida, kuma har gobe kallon yaron da bai iya ɗaure takalmi ba take yi masa. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba ta ce, Verna, gawa kike ajiyewa a gidan nan? Sai ta ji abin da ya fito daga bakinta. Muka tsaya muna kallon tukunya.

Ita ke zama mini a gida duk ranar da na tafi birni, saboda fitila. Ranar Juma'a da na dawo na kunna 'yar fitilar man surukata, mai jan gilashi, a kan kantar da ke ƙarƙashin hoton Maryama a bangon gabas, na yi alkawari ba za ta mutu ba sai Nestor ya shigo ta ƙofar nan. Washegari Nettie ta kawo dogon mayafin da mahaifiyarsu ta yi wa aikin zare ja da baƙi, muka yafa wa hoton, gefe da gefe ya sauko har kan kanta. Ya ma rufe mana ma'aunin zafin Nestor, zagayayyen abin nan mai muni da ya kafa dab da hoton, wanda surukata ta koma ga Allah ba ta yafe masa ba.

Da yana nan da tuni ya kashe ta. Duk lokacin sanyi in na kunna, zai zo wucewa ya sa yatsa biyu ya murje lagwanin, ko kallona ba ya yi. Na daɗe da sallama shi, na ce Allah ya haɗa ni da mutumin da coci ba ta dame shi ba sai ranar da aka dafa abinci.

Na ɗaga mayafin na duba ma'aunin. Wai ɗakin yana da ɗumi har ya wuce. Ni kuwa ina ganin hucin bakina. Ƙarya yake yi.

Alhamis, 12 ga Janairu, da azahar

Lyle mai gyaran murhu ya zo. Shi kaɗai ne a duk yankin nan, kuma rediyo ta ce rabin lardinmu na Saskatchewan na cikin wannan sanyin, don haka sai da na yi masa kuka a waya kafin ya sa ni a layi.

Da na hango motarsa ta karyo kwana, na kwashe fitila na kai ɗakin kwana, na naɗe mayafin na sa a aljihun tebur. Haka aka tashe mu. Muna yara a makaranta 'ya'yan Ingilishi suna toshe hanci in mun buɗe abincinmu, suna cewa muna bauta wa katako. Mamata takan ce abinmu ba na idonsu ba ne. Lyle yaron kirki ne, a gabana ya girma, amma ɗan Ingilishi ne, jini ba ya canzawa, kuma ba zan tsaya ina yi masa bayanin Maryama ba.

Ya kaɗe takalmi, na ba shi kofi da burodin da na gasa, ya tambayi jikin Mista Danyluk. Bai kai rabin kofin ba muka ji murhu ya kama a ƙasa. Ya yi ta aiki sumul, har labule yana motsi. Na ji kamar in nutse. Na ce masa rantsuwa zan yi, kwana da kwanaki ba ya haka. Ya yi dariya ya ce, Misis Danyluk, duk haka suke, kamar yaro ne in an kai shi gaban likita.

Ya sauka da tocilan ya daɗe. Ya hau da wani ɗan ƙarfe mai kama da fensir, ya ce shi ke jin zafi a cikin murhun, in ya tsufa yakan kashe wuta ba gaira ba dalili. Ya sa sabo. Ya tafi ya bar gidan da ɗumi, na cire safar hannu a karo na farko tun Asabar, na mayar da fitila da mayafi wurinsu, na gode wa Allah da babbar murya.

Kafin rana ta faɗi ya sake mutuwa.

Asabar, 14 ga Janairu, da safe

An kawo gadon asibiti, an kafa a falo. Ƙarfensa ba ya taɓuwa don sanyi.

Lahadi, 15 ga Janairu, bayan coci

Na jona hitar lantarki da Nettie ta ara mini, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Wayoyin gidan nan sun girme ni. Murhun itacen da muke da shi a da kuwa Nestor ya fitar da shi tun shekarar da ya kawo na gas, yanzu kaji ne ke ƙwai a cikinsa.

Ɗanmu Myron ya kira daga wurin aikinsa a rijiyoyin mai, ya ce Mama, in zo? Na ce ya bari sai babansa ya dawo gida, ya zo ya same shi a kujerarsa. Shi ma ban gaya masa ba.

Litinin, 16 ga Janairu, da yamma

Nas ta zo. Da rana aka ce, ta zo da safe, wai hanyar wani ƙauye ta toshe sai ta fara da mu. Misis Friesen, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta same ni da rigar sanyin Nestor da hula, na buɗe tanda ina ɗumama hannu. Ko damar kwashe fitila ban samu ba.

Ta auna faɗin ƙofa, ta duba banɗaki, ta ce a naɗe dardumar zaure kada ya yi tuntuɓe. Ta kalli fitila ta ce idan ya zo da tulun iskar numfashi, ba wuta ko ta ashana a ɗakin nan. Na ce ranar da ya shigo za ta mutu. Sai ta ciro nata ma'aunin daga jaka, ta ajiye a kan gadon, ta tsaya tana kallon agogo. Da ta ɗauka ta duba, na ga fuskarta na san an gama.

Ta ce mutumin da ƙirjinsa ya kai inda na Nestor ya kai ba zai kwana biyu a ɗakin nan ba. Ta ce ba za ta sa hannu ba. Za ta dawo Litinin mai zuwa.

Na ce mata mako guda yana da yawa. Ta ce ta sani. Ta faɗe shi a hankali, har da dafa mini kafaɗa, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta tafi na zauna a bakin gadon ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Gidana. Ni da ko Fada in zai kwana a ƙauyen nan wurina ake kawo shi, yau an ce gidana bai isa a kwantar da mijina ba.

Talata, 17 ga Janairu, da la'asar

Nestor ya sa an aske masa gemu. Ya sa an haɗa masa kayansa a leda, tabarau da rediyo da silifas, an ajiye a kan kujera. Ina shiga ya kalli hannuna ko na zo da rigar sanyinsa.

Na ce nas ɗin ce aiki ya yi mata yawa, sai mako mai zuwa. Ya ce to. Ya ce gida lafiya? Na ce lafiya lau.

Ta yaya zan ce masa murhunsa ne? Mutumin da in baƙi suka zo ba ya nuna musu hoton jikoki sai ya kai su ɗakin ƙasa. Yana kwance ba ya iya ɗaga kofi, in ce masa abin da ya fi alfahari da shi ne ya tare masa ƙofa? Zai ce a kawo masa wando. Na san shi.

Ya rame fiye da ranar Asabar. Agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu.

Alhamis, 19 ga Janairu, da rana

Ranar tsarkake ruwa. Fada yana zagaya gidaje yana yayyafa ruwa kamar kowace shekara. Da ya gama da ɗakuna, Nettie ta kama hannun rigarsa ta ce akwai sauran wuri ɗaya. Ta ja shi har ɗakin ƙasa, tsoho da ciwon gwiwa, ta ce ya yayyafa wa murhu. Ya ce Nettie, wannan ai aikin Lyle ne. Ta ce Lyle ya yi nasa, saura kai. Ya yayyafa. Na yi dariya har na ji tsoron kaina, don dariyar ta ƙi tsayawa.

Matan coci sun biyo shi, kowace da kwanon abinci da kyandir a gilashi. Labari ya zaga cewa jikin Nestor ya yi tsanani. Suka jera kyandirorin kusa da fitilar surukata har kanta ta cika, suka yi addu'a da rigunan sanyinsu, suka tafi da wuri. Wata ta ce mini a bakin ƙofa, ki yi haƙuri Verna, amma gidanki ya fi coci sanyi.

Yau murhu ko gyaran muryar ma bai yi ba sai sau ɗaya. Na bar famfo yana ɗiga kada bututun ruwa ya daskare.

Juma'a, 20 ga Janairu, da safe

Lafiya lau. Na sake cewa lafiya lau.

Asabar, 21 ga Janairu, da azahar

Lyle ya dawo. Sai da na yi sawu uku kafin na kwashe kyandirori zuwa ɗakin kwana, kakin ɗaya ya zubo mini a yatsa. Ya zauna shan kofi, murhu ya kama. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa tsohuwar da aka fara shakkar kanta, ya tambaye ni ko ina samun barci.

Na ce masa, Lyle, ni na goge maka majina a bikin yayarka. Kada ka kalle ni haka.

Ya ba ni haƙuri. Ya ce to saura abu ɗaya, na bangon. A cikinsa akwai abin da ke jin zafin ɗaki, shi ke ba murhu umarni ya tashi ko ya kwanta, kuma tunda na ce yana nuna ɗumi alhali ana sanyi, to ya lalace. Ya kwance na Nestor, ya ɗaura sabo fari a gurbinsa. Ya miƙo mini tsohon ya ce ko zan jefar. Na karɓa na sa a aljihun rigata, har yanzu yana ciki.

Ya ce idan wannan bai yi ba, sai dai sabon murhu, kuma ba zai samu ba sai ƙarshen wata mai zuwa. Ƙarshen wata mai zuwa. Ya faɗa kamar muna da shi.

Litinin, 23 ga Janairu, da hantsi

Sabon ma ƙarya yake yi.

Ni da kaina na kira Misis Friesen na ce kada ta wahalar da kanta, gidan yana nan yadda ta bar shi. Ta ce ko Nestor zai yarda a kai shi gidan Nettie. Na ce Nestor bai ce yana son ɗumi ba, asibiti ma akwai ɗumi. Gida ya ce.

Na ajiye waya. Ni ce na kira na ce kada a kawo mijina. Ni, Verna.

Talata, 24 ga Janairu, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Na zauna a mota a bakin asibiti na kasa sa makulli.

Ledar kayansa ba ta kan kujera. Ya sa an mayar da komai cikin durowa. Na fara ba shi labarin nas, wai ta sake ɗagawa, sai ya ɗaga hannu. Muryarsa ta dishe, sai na sunkuya nake ji.

"Verna, bari. Na gane. Aiki ne mai nauyi, ɗaga ni, wanke ni. Ke ma ba yarinya ba ce. Ba na jin haushinki. Ki daina ɗora wa matar mutane laifi kawai."

Na yi mutuwar tsaye. Mako guda yana kwance a nan yana tunanin ni ce ba na son sa a gida. Mako guda yana ba ni uzuri a ransa, shi kaɗai, yana kallon silin. Ban san lokacin da na fara yi masa masifa ba. Na ce murhunka ne, tsohon banza, murhunka ne ya mutu, gidan ya koma rumbun ƙanƙara, nas ta ƙi sa hannu, Lyle ya zo sau biyu, har Fada ya yayyafa masa ruwa. Duk na zazzage masa.

Ya rufe ido. Na ɗauka na kashe shi. Sai ya ce yana kamawa ya mutu, ko ba ya kamawa sam? Na ce yana kamawa ya mutu. Ya ce in Lyle ya zo fa? Na ce sumul.

Ya buɗe ido ɗaya.

"Kin kunna fitilar Mama."

Na ce na kunna, kuma ba ruwansa, don shi na kunna.

"Da mayafin?"

"Da mayafin. Da kyandirorin matan coci."

"Nawa?"

"Kanta ta cika."

Sai ya fara dariya. Dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa, har wata nas ta leƙo ta gyara masa robar hanci. Da ya samu numfashi ya yi mini bayani a gutsuttsure. Abin bangon ba ya sanin zafin falo, zafin da ke gaban hancinsa kawai ya sani. Ga wuta a ƙarƙashinsa, ga mayafi ya lulluɓe shi ya tare zafin. Shi a ganinsa bazara ake yi, sai ya ce wa murhu ya kwanta. In na kwashe don Lyle, ya ji sanyi ya tashe shi.

Na ce, shi ya sa kake kashe mini ita duk shekarun nan? Ya ce to da me kika ɗauka? Na ce na ɗauka ba ka tsoron Allah. Ya ce wannan ma akwai.

Na ce me ya hana ka faɗa mini, ko sau ɗaya? Ya ce ya faɗa wa mahaifiyarsa shekarar da ya kafa shi. Ta ce ya matsar da abinsa, Maryama ta riga shi zuwa bangon. Ya ce ba zai sake jan waya ba, ta matsar da fitilarta. Ba wanda ya matsa. Daga nan ya ga murje lagwani ya fi gardama da mata sauƙi.

Ban yi dariya ba. Ina ta lissafin yadda kowace mata ta shigo da kyandir don ya dawo, kuma kowane kyandir yana ƙara rufe masa ƙofar.

Da zan tafi ya ce in miƙo masa leda. Na haɗa masa tabarau da rediyo da silifas na ajiye a kan kujera.

Laraba, 25 ga Janairu, da safe

Jiya ina dawowa na mayar da fitila da kyandirori kan tagar kicin. Ko ɗaya bai mutu ba, alkawarina yana nan. Na ɗage mayafin na naɗe shi a saman hoton. Aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Shi ke nan. Wai shi ke nan abin.

Murhu yana aiki tun jiya bai yi tari ba. Nettie ta shigo ta cire rigar sanyi, ta cire suwaita, na gaya mata. Ta zauna a kujerar Nestor ta riƙe baki. Can ta ce ita ta kawo mayafin. Na ce ni na kunna fitilar. Muka bar maganar a nan, don ba mai amfani a cikinta.

Alhamis, 26 ga Janairu, da azahar

Misis Friesen ta zo, ta ajiye ma'auninta a kan gado, ta sa hannu. Ta ce motar marasa lafiya za ta kawo shi Asabar. Na kira Myron na ce ya taho. Na dafa wa Nestor naɗin kabeji ko da loma ɗaya zai ci. Na wanke labule. Na ɗaure karenmu kada ya yi masa tsalle a jiki.

Asabar.

Juma'a, 27 ga Janairu, da la'asar

Likita ya tare ni a baranda tun kafin in kai ɗakin. Ya ce jikin ya juya tun jiya. Ya ce iskar da yake buƙata yanzu ta fi ƙarfin tulun mota, kuma awa biyu a kan hanyar nan, ba ya jin za a isa da shi. Na ce makon jiya fa? Ban san abin da ya sa na tambaya ba. Ya kalli takalminsa ya ce makon jiya da an iya.

Da an iya.

Na shiga. Ledar tana kan kujera. Ya riga ya sani, sun gaya masa da safe. Na durƙusa a bakin gadon zan fara magana ya ce kada in soma. Ya ce shi ma yana da baki shekara arba'in bai yi amfani da shi ba. Ya tambaye ni gidan ya yi ɗumi? Na ce har Nettie tana fifita da jarida. Wannan karon gaskiya na faɗa, kuma ita ce ta fi ci mini rai.

Asabar, 28 ga Janairu, da yamma

Myron ya iso da safe, kai tsaye asibiti. Na so in zauna, Nestor ya ce in tafi gida akwai aiken da zai yi mini. In na isa in kira ɗakinsa. Na ce ba inda za ni. Ya ce Verna, sau ɗaya a rayuwarki ki yi abin da aka ce ba gardama.

Na tuƙa awa biyun ina jin haushinsa. Na kira daga wayar kicin, Myron ya ɗauka ya kara masa a kunne. Nestor ya ce in je falo in murɗa na bangon ƙasa har murhu ya kwanta. Na yi. Ya ce in sake murɗa shi sama, in yi maza in kai waya ɗakin ƙasa.

Igiyar wayar ba ta kai ba. Ta tsaya a tsakiyar matakala. Na zauna a nan, na miƙa hannu iya tsawonsa, kan wayar yana fuskantar murhu. Da farko ƙas, ƙas. Sai gas ya kama da ɗan gurnaninsa. Aka ɗan jima, fanka ta tashi, bututai suka fara ƙara suna buɗewa ɗaki bayan ɗaki, na falo, na kicin, na ɗakin keken ɗinki can ƙarshe. Ban taɓa lura suna da jeri ba. Hannuna ya gaji na tallafe shi da ɗayan. Ban san iya lokacin da ya kamata in riƙe ba, sai na yi ta riƙewa.

Da na mayar kunnena, numfashinsa kawai nake ji. Na ce Nestor, ka ji?

"Na ji. Har na ɗakin Mama."

Can ya ƙara.

"Bel ɗin fanka ya saki. Ki gaya wa Lyle."

Na ce to. Ya ce to. Myron ya karɓi wayar ya ce Baba ya gaji, Mama.

Litinin, 30 ga Janairu, da hantsi

Ina riƙe da hannunsa. Myron yana ɗaya gefen. Ba zan rubuta sauran ba.

Alhamis, 2 ga Fabrairu, da la'asar

Gida ya cika bayan mun dawo daga maƙabarta. Rigunan sanyi sun yi tsibi a kan gadona, mata suna ta kai da kawo da faranti, wani yana cewa a buɗe taga zafi ya yi yawa. Lyle ya zo da baƙar kwat wadda ta yi masa kaɗan. Ya tsaya a bakin kicin yana juya hula, bai san inda zai sa kansa ba a cikinmu. Fitilar tana kan taga a gabansa, ban ɗauke ba.

Na ba shi saƙon. Ya ce ai ranar da ya zo ya duba bel ɗin, lafiyarsa ƙalau. Na ce ni dai an aiko ni.

Ya cire kwat ɗin ya rataya a ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya sauka. Bai daɗe ba ya hau, da baƙin mai a yatsunsa. Ya tsaya a kan matakala ya kasa kallona.

Ya ce bel ɗin ya saki, Misis Danyluk. Ya ɗaure shi.